Kodin A Nazare? Ku Ba Yaro Kara Da Laka

A watan Maris ɗin da ya wuce, lokacin da zafin Kano ke hana mutum barci ko a tsakar gida, 'yarmu mai shekara huɗu ta dawo daga makaranta riƙe da mutum-mutumin ƙanƙara. An yanka farin kwali, an manna masa auduga, an ɗora masa jar hula da gyale a wuya, har da hancin karas. Aiki ya yi tsaf, babu inda gam ya zubo, babu layin da ya karkace.

Muka ce, "Ke kika yi wannan?"

Ta ce, "Anti ce ta yi. Ni na riƙe mata gam."

"To mene ne shi?"

Ta juya shi, ta sake juyawa, sannan ta ce, "Aljani ne."

A cikin jakarta kuma muka tarar da takarda daga hukumar makaranta. Wai daga zango mai zuwa za a fara koya wa 'yan nazare kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, don haka kowane uba ya tanadi kwamfutar hannu da ƙarin kuɗi, domin a shirya yara su fuskanci duniyar gobe.

Mu da ke wannan rubutu da kodin muke ci, da shi muke sha. Shi muka karanta a jami'a, kuma mun haura shekara goma muna rubuta manhaja ana biyanmu. Saboda haka kada wani ya ce tsoron na'ura ko ƙyamar zamani ne ke magana. Daga cikin ɗakin muke, mun san inda yake yoyo. Abin da muke faɗa shi ne: kodin ɗin da ake sayar wa iyayen 'yan shekara uku da huɗu ciniki ne kawai, kuma wannan aljanin na auduga ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Dukansu biyu sun ɗaure hannun yaro sun mai da shi ɗan kallo. Abin da ke gina ƙwaƙwalwar mai kodin kuwa muna da shi a gida, mun share mun zubar a bola.

Bari mu tuna wa waɗanda suka manta yadda ake ƙera motar kara, mu kuma bayyana wa waɗanda ba su taɓa gani ba.

Bayan an girbe dawa, yaro zai zaɓo kara mai kauri wanda bai ruɓe ba. Zai ɓare ɓawon da haƙori, ya fito da totuwar ciki. Totuwa ita ce katakonsa, siraran ɓawon kuma su ne ƙusoshinsa. Sai ya fara da ƙasan mota. Dole dogayen gefe biyu su zo daidai, ga shi ba shi da abin awo, sai ya aza ɗaya kan ɗaya ya gutsure rarar. Idan ya yi gaggawar ɗora rufi kafin ƙasa ta tsaya, komai zai ruguje ya sake daga farko. Taya kuma daga tsohon silifa ake yanka ta, ko a samu sakaina a yi ta gogawa a kan dutse har ta zama da'ira. Idan hujin bai hau tsakiya ba, mota za ta riƙa ɗingishi. Idan hujin ya matse tsinken, taya ba za ta juya ba. Idan ya yi faɗi, za ta fice ta bar mota a hanya. Ya gama, ya ɗaura dogon kara a matsayin sitiyari, ya tura. Taku biyar sai mota ta kife. Babu wanda zai gaya masa dalili. Zai tsuguna, ya juya ta, ya duba taya ɗaya bayan ɗaya, har ya gano ta bayan ce ta fi sauran girma.

Wallahi wannan shi ne aikinmu a ofis. A ɗauki babbar matsala a yanyanka ta ƙanana. A san wanne ke zuwa kafin wanne. A haɗa, a gwada, abu ya ƙi, a zauna a bi sawun kuskure har a kamo shi. Yawancin lokacin mai rubuta manhaja a wannan farautar kuskuren yake tafiya, kuma abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne haƙurin tsugunawa a gaban abin da ya ƙi aiki ba tare da an yi wurgi da shi ba. Ba a koyon wannan haƙurin a aji uku na jami'a. Mun ga masu digiri da sakamako mai kyau waɗanda da zarar kwamfuta ta nuna musu jan rubutu sai hankalinsu ya tashi, su ruga neman wanda zai gyara musu.

Gaskiya ne ɗan shekara uku ba ya ƙera mota shi kaɗai. Amma a dandalin unguwa kowa da matsayinsa. Ɗan uku shi ne ɗan aike, yana ɗauko kara yana kallo. Ɗan biyar ya iya haɗa tabarau da gadon kara. Ɗan takwas shi ne babban injiniya. Haka 'yan mata a wajen tuwon ƙasa da 'yar tsana: gwangwanin tumatir ne tukunya, a roƙo ƙyallaye a shagon tela a ɗaura wa amarya zane, a yi mata kitso, a raba tuwo kwano biyar ya ishi kowa, in an tauye wa wata a yi shari'a nan take. Ga lissafin rabo tun kafin a san sunansa. Wadda ta zauna kusa da kakarta tana ɗinkin faifai kuwa ta ga yadda ake jera jan kaba uku, fari biyu, a maimaita har a zagayo. Wannan maimaicin shi ne darasi na uku ko na huɗu a duk littafin koyon kodin da muka taɓa buɗewa.

Yanzu a kwatanta da abin da ke cikin kwamfutar hannu. Mun san yadda ake gina waɗannan wasannin, domin irinmu ne ke gina su. Duk abin da yaro zai iya yi a ciki, wani babba ya riga ya yanke masa tun a ofis: maɓalli uku, ɗaya daidai, biyu kuskure. Ya taɓa na daidai a yi masa tafi, taurari su zubo. Ya taɓa na kuskure a lallashe shi ya sake, har ya dace ko da cinke ne. Ma'aunin da ake duba nasarar irin wannan manhaja shi ne minti nawa yaro ya yi bai ajiye ta ba, da kuma ko gobe zai dawo. A kan wannan ma'aunin ake samun talla da kuɗin shiga. Saboda haka an gina ta ne yadda ba za ta taɓa ɓata masa rai ba.

Shi kuwa karan dawa ba ya yi wa yaro kara. In ka matsa masa ya karye. Laka in ta yi ruwa ta zube, in ta bushe ta tsage. Ba su san ɗan wane ne kai ba, ba sa tafi, ba sa ba da tauraro. Kuma duka yatsu goma ne ke aiki, suna jin nauyi da laushi da kaushi da santsi. Yatsun da suka murza laka suka zura tsinke a huji su ne gobe za su riƙe alƙalami ba tare da sun sage ba. A kan gilashi kuwa yatsa ɗaya ne ke shafa abu ɗaya daga safe har dare.

Masu sayar da wannan haja suna son jingina da Turai da Amurka. To mu je can ɗin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar cewa kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Manhajar ScratchJr, wadda ta fito a 2014 domin koya wa ƙananan yara kodin, masu ita da kansu 'yan shekara 5 zuwa 7 suka ce sun yi wa. Steve Jobs, wanda kamfaninsa ya fito da iPad a 2010, ya shaida wa wani ɗan jaridar New York Times a wannan shekarar cewa 'ya'yansa ba su yi amfani da ita ba, kuma yana taƙaita musu na'ura a gida. Wanzami ba ya son jarfa. Mun kuma ga shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda aka gwada a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. A ƙasar Peru, inda aka raba dubun dubatar irin waɗannan kwamfutoci, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Can ma 'yan firamare ne, ba masu shan yatsa ba.

Su kansu iyayen wannan fanni da hannu suka fara. Seymour Papert, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Logo a 1967, harshen kodin da aka yi musamman domin yara, ya buɗe littafinsa Mindstorms na 1980 da labarin yadda wasa da giyar mota tun yana ƙarami ya zame masa ƙofar fahimtar lissafi. In aka ƙara matsawa baya, katin da ake hudawa a ba na'ura umarni daga masaƙa ya fito: Jacquard ya yi amfani da shi a Faransa a 1804 domin injin saƙa ya fitar da ado a jikin yadi, Charles Babbage ya aro dabarar domin na'urar lissafinsa, Ada Lovelace kuma ta yi bayaninta a 1843. Kwamfuta jikar masaƙa ce. Mu da muke da masaƙa da marina tun ƙarnoni, yau mu ne ke jin kunyar a ga ɗanmu da zare a hannu.

Ita kanta makarantar nazaren ba da takarda da fensir aka kafa ta ba. Friedrich Froebel, wanda ya buɗe irinta a Jamus a 1837, abin da ya ba yara shi ne guntayen katako, yumɓu, takardar naɗewa da saƙawa, da tsinke da jiƙaƙƙen wake da ake sokawa a gina siffofi. A canza wake da totuwa, ai motar kara ke nan. Maria Montessori, wadda sunanta ke rubuce a allon makarantu barkatai a biranenmu, ta buɗe gidanta na yara ne a 1907 a wata unguwar talakawa a birnin Rum, inda yara ke koyon ɓalla maɓalli, zuba ruwa, shara da wanke hannu. Manufar ilimi ta Nijeriya ma ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki. Amma shiga ajin ka gani: 'yan shekara uku a jere kan benci suna rera "e fo aful", sun koma gida da jingar rubuta ɗaya zuwa hamsin.

Tsarin ware kowane mako da jigonsa, a yi waƙa da labari da aikin hannu duk a kan abu ɗaya, dabara ce mai kyau, ba mu da ja a kanta. Inda gizo ke saƙar shi ne daga ina ake ɗebo jigon. Malama za ta buɗe Pinterest ta kwafo abin da wata malama ta shirya wa yaran Kanada: makon ƙanƙara, makon faɗuwar jan ganye, makon kabewa mai ido da baki. Ita waccan malamar ta yi daidai, domin yaranta sun tako ƙanƙara kafin su shigo aji. Darasinta ya tashi daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. Namu ya tashi daga abin da yaro bai sani ba zuwa abin da ba zai taɓa gani ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Yaron da ya haddace lokutan shekarar Ingila guda huɗu amma bai iya jera bazara, damina, kaka da hunturu ba, an koya masa wani darasin a ɓoye: cewa ilimi yana can wata ƙasa, abin da ke ƙofar gidansu kuwa datti ne.

Alhali jigo ga shi nan birjik. Makon damina, kowane yaro ya shuka wake a gwangwani, kullum safe ya auna tsiron da tsinke ya yi alama. Makon kaka, a shigo da damin kara, da zangarniyar gero da ta dawa a bambance su. Makon hunturu, a yi fankar takarda a soka a kara, a fita a gano daga ina iska ke busowa. Makon kasuwa, a kasa tsakuwa da 'ya'yan tsamiya, marafan kwalba su zama kuɗi, a yi awo, a yi ciniki, a ba da canji. Makon rini, a jiƙa zoɓo da lalle, a ƙulle ƙyalle a tsoma a ga inda launi ya ƙi shiga, in a Kano ake a kai su marinar Ƙofar Mata su ga masu abin. Makon gini, a buga tubali na laka, a shanya, a ga wanda aka sa wa ciyawa da wanda ba a sa wa ba, wanne ya fi tsagewa. Makon rubutu, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro yadda almajirai ke yi. In azumi ya kai goma ga wata kuwa, ga tashe: gemun auduga, tumbin tsumma, gangar gwangwani. Ita wannan audugar da aka ɓata a jikin aljani, da gemu aka yi da ita da yarinya ta san me take riƙe da shi. Duk wannan bai kai kuɗin cajar kwamfutar hannu ba, kuma wataƙila laifinsa ke nan, domin abin da ba a saye ba ba a iya sa shi a takardar kuɗin makaranta.

Kada mu ɗora wa Anti laifin duka. Albashinta bai taka kara ya karya ba, ga aji cike, ga shi ta kwana tana yanka kwali talatin da almakashinta. Ta yi haka ne domin ta san abin da muke so. Mu iyaye ne ke son abu mai tsabta da za mu ɗauka a hoto mu ɗora a WhatsApp. Mu ne ke zuwa ofishin shugaban makaranta da faɗa in yunifom ya dawo da laka. Mu ne ke tambayar me ya sa ba a ba ɗan shekara uku aikin gida ba alhali makarantar maƙwabta na bayarwa. Da a ce yarinya ta dawo da dunƙulen laka mai ƙafa uku ta ce akuya ce, da yawanmu cewa za mu yi kuɗinmu na tafiya a banza. A ƙarƙashin wannan duka akwai tsohuwar cutar 'yan boko, raina mai aikin hannu. Muna yawo da hoton Ladi Kwali a aljihu, a bayan takardar naira 20, macen da ginin tukunya ya kai ta Turai da Amurka tana nuna gwaninta, amma in ɗanmu ya taɓa yumɓu sai mu buge masa hannu.

Mun san abin da za a ce. Za a ce akwai haɗari: reza, gwangwani mai kaifi, ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa, ƙasar da ba a san me ke cikinta ba. Haka ne, kuma shi ya sa muke so a shigo da abin cikin makaranta, inda babba zai riƙe wuƙa, a zaɓi laka mai tsabta, a hana ɗan ƙasa da shekara uku ƙwayoyin da za su shaƙe shi, a wanke hannu da sabulu in an gama. Za a ce zamani ya canza, gidajen haya babu fili, kuma rashin tsaro ya sa ba a barin yara dandali. Wannan ma hujjarmu ce. Da can unguwa ce ke koyar da wannan darasi kyauta, makaranta ba ta buƙatar damuwa da shi. Yanzu da muka kulle yara a falo, in makaranta ba ta yi ba babu mai yi.

Za a kuma ce, ai ga yaran ƙauye can suna ta ƙera motar kara, ina injiniyoyin? Tambaya ce mai ciwo. Amsarta ita ce waɗannan yaran an ba su harsashi an hana su gini: babu aji mai rufi, babu malami, babu littafi. Namu kuma na birni muna ta ɗora musu bene a kan rairayi. Maganin shi ne a haɗa wa kowane yaro biyun, ba a ƙwace wa ɗaya abin da ya rage masa ba.

Masu cewa duniya ta tafi kada a bar 'ya'yanmu a baya, su saurara. Wasu harsunan kodin da muka yi jarrabawa a kansu a jami'a yau ba ma taɓa su a wajen aiki. A 'yan shekarun nan ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara rubuta kodin da kansu cikin daƙiƙoƙi. Yaron da ke nazare yau sai nan da shekara 20 zai nemi aiki, kuma babu wanda zai rantse cewa maɓallin da ake koya masa dannawa zai kai lokacin. Abin da ba ya tsufa shi ne mutum ya kalli abin da ya lalace ya ce bari in ga me ya same shi. Wanda ke da wannan, in ya kai shekara goma ko goma sha biyu, kodin ba zai yi masa wuya ba. Mu kanmu da yawanmu sai a sakandare ko jami'a muka fara taɓa kwamfuta, kuma ga shi da ita muke ciyar da iyali.

Saboda haka ga roƙonmu. In an kira taron iyaye da malamai, a je. In an nuna aikin hannu mai kyau, a tambaya wa ya yi shi. A gaya wa malama a gaban shugabanta cewa mun yafe tsabtar yunifom ranar aikin laka, kuma mun fi son karkataccen abin da yaro ya yi da kansa. Kuɗin da za a sayi kwamfutar hannu a ƙara wa malamai, a kuma gayyato maginiyar tukunya ko mai ɗinkin faifai ta unguwa sau ɗaya a wata, a biya ta kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre. A gida kuma a ware kwali ɗaya na tarkace, marafai da ƙyallaye da zare da kwalayen ashana, a daina share su.

Mu dai ba mu sayi kwamfutar ba. Da muka je gida hutu muka ɗauro damin kara a bayan mota, maƙwabta na tambaya ko akuya muka saya. Ranar Asabar muka baje a tsakar gida, muka ɓare mata, muka ja da baya. Ta soka wannan cikin wancan, ta ce gado take yi wa 'yar tsanarta. Ta ɗora ta, gado ya kife. Ta yi kuka, ta zo ta ce mu gyara. Muka ce ba mu san me ya same shi ba, ta je ta duba. Ta koma ta tsuguna, ta daɗe shiru. Can sai muka ji ta ɗaga murya: "Baba, ƙafar nan ce ta fi tsawo!" Ta sa haƙori ta gutsure.